Lesin Turanci na yamma a Kura: wata uku, da kalma biyu da suka ba ni kunya a banki

Wata uku ke nan cif ina zuwa wani lesin Turanci da ake yi wa manya a nan Kura, Asabar da Lahadi, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba. Mutum uku sun tambaye ni ko ya ci kuɗinsa, na ukun ma ƙanin maiɗakina ne da ya bugo mini waya daga Bunkure. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura masa ya karanta. Ba zan kama sunan malamin ba, don ban nemi izininsa ba, kuma akwai wuraren da zan ɗan taɓa shi.

Bari in fara da abin da ya kai ni.

Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta manoman shinkafa, mu 32. Ban nemi muƙamin ba, an dai duba an ga ni ne na gama sakandare, sai aka miƙo mini littafin rajista da hatimi. Bara, ana shirin noman rani, muka yanke shawarar neman rance a wani banki a cikin Kano don mu sayi injin ban-ruwa biyu da taki. Kwana biyu na yi ina rubuta takarda ina yagewa. Da na gama na kai aka buga mini a kwamfuta, na sa a ambulan, muka hau mota ni da shugabanmu, dattijo ne da ya haura saba'in.

Yaron da ya karɓi takardar bai fi sa'an ɗana na fari ba. Ya karanta, ya kai layi na uku inda na rubuta "We are begging the bank to borrow us three million naira", sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ɗauki jan biro ya ja layi ƙarƙashin borrow, ya rubuta lend a samansa. Ya ce, "Baba, ku ne za ku yi borrow, mu kuma lend za mu yi. A gyara a dawo da ita." Cikin ladabi ya faɗa, ban ga laifinsa ba. Amma zufa ta keto mini duk da sanyin na'urar da ke ofishin. Shugaba ya karkato ya ce, "Sakatare, me ya ce?" Na ce, "Ba komai, ranka ya daɗe, wurin sa hannu ya ce a gyara." Allah ya yafe mini wannan ƙaryar.

Abin da ya fi ci mini rai a hanyar dawowa shi ne, tun ina aji ɗaya nake cewa "borrow me your biro", abokaina suna faɗa, har wasu malamanmu suna faɗa, ba wanda ya taɓa tsayar da ni. Sai da furfura ta fito mini a gemu.

Lesin a wani ajin firamare ake yin sa. Benci na yara ne, in ka zauna gwiwarka tana dukan ƙasan tebur, kuma bayan awa ɗaya ƙugunka zai gaya maka shekarunka. Mu 19 ne a rajista, amma da wuya mu wuce 14 a zama ɗaya. Akwai matasan da Turanci ya kayar a WAEC ko NECO suna shirin sake zama, akwai 'yan kasuwa, akwai wani direban tirela, akwai mata huɗu da ke zama a bencin gefen taga. Kuɗin wata naira 4,000 ne, sai 500 na takardun da ake bugowa. Malamin tsohon malamin sakandare ne da ya yi shekara 35 ɗinsa ya yi ritaya. A tsohon babur yake zuwa, da alli a aljihun gaba da wani ƙamus na Oxford da bangonsa ya rabu da shi tuntuni, an ɗaure shi da roba.

A mako na biyu na daure na ba shi labarin banki bayan an tashi. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Sakatare, ka bar mini wannan, darasin Asabar ke nan."

Ranar Asabar ɗin ita ce dalilin wannan rubutu. Malam bai fara da Turanci ba sam. Ya tsaya a gaban allo ya ce, "Sakatare, in ka karɓi fartanyar maƙwabcinka ka yi noma ka mayar masa, me ka yi?" Na ce aro. Ya ce, "To in mudu biyar na gero ka karɓa, aka tuƙa aka cinye, sai da kaka ka biya?" Na ce wannan ai rance ne. Ya ce me ya raba su? Direban tirela ya riga ni: aro abin da ka karɓa shi za ka mayar da kansa, rance kuwa madadinsa za ka kawo, don wancan ya riga ya shige ciki. Malam ya ce madalla, ko a littattafan fikihu babin aro daban yake da babin rance, kuma ba Bahaushen da zai ce ya ari gishiri sai dai in wasa yake.

Sannan ya ce, to Bature wannan bambancin bai dame shi ba. Fartanya ce, gero ne, miliyan uku ce, duk kalma ɗaya yake sa musu. Abin da ya dame shi shi ne ina kayan suka nufa. In suna tahowa wurinka, borrow. In suna barin hannunka, lend. Mu kuma a nan ne namu harshen bai canja kalma ba, ɗan juya ta kawai yake yi. Ya rubuta a allo:

Na ari fartanya. Na ara masa fartanya.
Na ranci kuɗi. Na ranta masa kuɗi.

Ya ce mu duba, saiwar ɗaya ce, ƙarshen kalmar da "masa" su ne suke nuna wa ya ba wa. Har ya sa muka saurari muryarmu: "ara" ta mai karɓa, kamar a "ita ce fartanyar da na ara", daga ƙasa take farawa ta tashi, "ara" ta mai bayarwa daga sama take farawa ta sauko. Shekara arba'in da wani abu ina faɗin kalmar nan ban taɓa jin haka ba sai ranar. Saboda haka, in ji shi, yaron da ya ce "borrow me your biro" ba daƙiƙi ba ne. "Ara mini bironka" ya ɗauko daga kansa, ya nemi kalmar aro a Turanci, ya samu borrow, ya manna mata "me" a madadin "mini". Lissafinsa daidai ne, a harshen da ba nasa ba ya yi shi. Ya ƙara da cewa Yarbawa ma kalma ɗaya suke amfani da ita wa ɓangarorin biyu, ga kuma Turancin buroka da ya riga ya zaunar da "borrow me" a bakin kowa daga Legas har Maiduguri, to ina yaro zai ji daidai?

Wani ɗan Maraɗi da ke cikinmu, mai sayen shinkafa yana kaiwa Dawanau, ya ce su ma a makarantar Faransanci haka suka sha fama da prêter da emprunter, bulala ce ta raba musu su. Malam ya ce a nan ba bulala, hula za ta raba.

Ya cire hularsa ya miƙa wa direba. Ya ce da ni, faɗi abin da na yi. Na ce, "You lent him your cap." Ya ce da wata daga cikin matan, faɗi abin da direba ya yi. Ta ce, "He borrowed your cap." Ya ce daga wa? Ta ce, "from you." Haka hular nan ta zaga ajin kaf, hannu zuwa hannu, kowa sai ya faɗi jimla biyu, ɗaya ta bakin mai bayarwa ɗaya ta bakin mai karɓa, kafin ya miƙa gaba. Wanda ya kuskure, hular ta dawo masa. Sau uku ta dawo wa direba, har ya ce Malam ko dai ya bar masa ita ne gaba ɗaya. Kafin ta koma kan mai ita ta sha hannu har ta canja kama, amma ba wanda ya fita ajin bai san cewa borrow da from suke tafiya ba, lend kuma da to, ko kuma ka sa mutumin nan take bayanta: "lend me your pen", "lend it to me". In kana roƙo, hanya biyu ce: "Can I borrow your pen?" ko "Can you lend me your pen?" Ka duba wa ke aikin a jimlar, in "I" ne kuma kai ne mai buƙata, borrow, in "you" ne, lend. Shi ke nan.

Ya kuma ja kunnenmu kan wucewar lokaci: borrow tana ɗaukar -ed lafiya lau, amma lend sai ta koma lent, babu wani "lended". Wani matashi ya tambaya ko ita ce Lent ta azumin Kirista, Malam ya ce kama ce kawai ta rubutu, ba dangin juna ba ne.

Inda ya kashe ni da dariya, ni da abin ya shafa, shi ne da ya dawo kan takardata. Ya ce a Hausa muna da siga ta uku: "aro mini", "ranto mini", wato je ka wurin wani ka karɓo mini. Ya ce in Bature ya ji "borrow me a ladder" ya matsa wa kansa sai ya fahimta, to abin da zai fahimta ke nan: aro mini tsani a maƙwabta. "Saboda haka, Sakatare, kai ba ka roƙi banki ya ranta muku ba. Aikensa ka yi ya je ya ranto muku." Ajin ya ɗauka gaba ɗaya. Ni kuwa a raina na ce, in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu, ai bankin ma kuɗin masu ajiya yake juyawa, ban yi nisa da gaskiya sosai ba.

Abin da ya sa darasin ya zauna mini daram shi ne misalin da ya ɗauko daga gonarmu. Ya ce wane manomin shinkafa ne bai san Anko Borowa ba? Shirin Babban Bankin Najeriya ne da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, sunansa Anchor Borrowers' Programme. Su wane ne borrowers ɗin? Muka ce manoma. Ya ce to kun gani, masu karɓa. Sannan ya rubuta NIRSAL a allo, wato kamfanin da ke tsaya wa manoma wajen rancen banki, ya zagaye harafin ƙarshe, ya ce wannan L ɗin Lending ce, ɓangaren masu bayarwa. Shekaru muna kiran sunayen nan biyu a bakin kanal da wurin awon shinkafa, ashe amsar tambayata tana cikinsu.

Akwai 'yan ƙarin abubuwa da ya kawo a makon da ya biyo baya waɗanda suka yi mini amfani a aiki. In za ka biya kuɗi ka yi amfani da abu, kamar tarakta ko injin casa, ba borrow ba ne, hire ne ko rent, kuma ya ce kalmarmu ta "haya" daga hire ɗin muka aro ta. In abin ba ya ɗaukuwa, kamar banɗaki, use ake cewa, kada ka je gidan mutane ka ce za ka yi borrow ɗin banɗakinsu. Sai owe, wadda ita ma juyin waina ce: mu mai kuɗin ne yake "bin" bashi, su kuma wanda ake bi ne yake owe. "Ina bin sa dubu goma" ita ce "He owes me ten thousand". Ya ce ya taɓa gyara takardar jarrabawa da yaro ya rubuta "I am following him money", kuma ya ba shi rabin maki don ya gane daga inda ya taso. Learn da teach ma layi ɗaya suke: na koyi karatu, na koya masa karatu.

To, yabon ya isa haka. Ga inda takalmin yake matsa.

Na farko, Malam mutum ne mai son labari. Ranar da muka yi borrow da lend, ya kwashe kusan minti ashirin yana ba mu tarihin kalmomin: wai borrow daga tsohuwar kalmar Turanci take mai nufin jingina ko lamuni, lend kuma asalinta ba ta da d a ƙarshe, daga baya ta manne mata, kuma 'yar'uwar loan ce. Daga nan ya zarce dokar Lend-Lease ta 1941, wadda Amurka ta yi don ba Ingila da ƙawayenta kayan yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu. Ni na ji daɗi, don ina son irin wannan. Amma yaran da WAEC ke jira sai hamma suke yi, kuma magariba ba ta jiran kowa. Sau da yawa aikin da ya kamata mu yi a aji sai ya koma aikin gida.

Wannan ya kawo ni ga babbar matsalar: an zuba mu a tukunya ɗaya. Mai son ya ci jarrabawa da mai son ya rubuta wa banki takarda da mai son ya yi magana da kwastoma a waya, buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Da an raba mu, ko da Asabar ta matasa Lahadi ta manya, da kowa ya fi samun abin da ya zo nema. Na faɗa masa, ya ce kuɗin ba zai fitar da shi ba. Na gane, amma matsalar tana nan.

Takardun naira 500 kuwa, a gaskiya ban ga amfaninsu ba. Shafi shida ne na kalmomi biyu-biyu masu rikitarwa, sun kai sittin: advice da advise, lose da loose, affect da effect, da sauransu, kowace da ma'anarta a layi ɗaya ba misali. An yi ta kwafar kwafi har wasu haruffan sun shuɗe, a shafi na huɗu sai ka yi canke. Abin mamaki, mutumin da ya iya koyar da kalma biyu da hula har su zauna maka har abada, shi ne yake raba wannan jerin a ce a haddace. A wata uku, guda tara muka yi irin na hula. Su tara ɗin nan ne nake da su. Sauran hamsin da ɗaya suna cikin aljihun babbar rigata.

Sannan yana da saurin cewa "kuskure ne" a inda ba kuskure ba. Wata rana na rubuta "Please loan me your pump", ya soke, ya ce loan suna ce, ba a aikatau da ita, sai dai take a loan ko give a loan. Na koma gida, 'yata da ke jami'a, wadda ita ma take cikin masu cike fom ɗin rancen ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024, ta duba ƙamus a wayarta ta nuna mini cewa Amurkawa suna cewa "loan me" kullum, kuma karɓaɓɓe ne. Na kai masa a Asabar ta gaba, a gefe, ba a gaban aji ba. Ya kwance robar ƙamus ɗinsa, ya duba, ya yi shiru, ya ce, "Yarinyar ta yi gaskiya. Amma ku masu jarrabawa ku riƙe lend, ita ce ba mai soke muku." Ya kuma faɗa wa ajin da bakinsa cewa ya yi kuskure. Wannan ya ƙara masa daraja a idona, sai dai na ce a raina, sauran da ba su da 'ya a jami'a fa?

Harshensa ma yana da ɗan kaifi. Mu manya yana lallaɓa mu, amma matasa in suka kuskure sai ya ce, "Da wannan za ka shiga jami'a?" Akwai yarinya ɗaya cikin matan da ya yi wa haka a wata na farko, ta sunkuyar da kai, tun daga ranar ba ta sake ɗaga hannu ba, ko da yake tana zuwa. Mutumin da ya ce mana kuskurenmu ba daƙiƙanci ba ne, bai kamata ya manta da hakan ba in ya juya ga yara.

Akwai zauren WhatsApp na ajin, wanda aka ce za a riƙa turo aikin gida da saƙon murya. Mako biyu ya yi yana aiki. Yanzu sanarwar ɗaurin aure ce da tallan turare da "tura wa mutum goma". In ruwa ya sauko kuma, kwanon ajin yana yoyo daidai bencin tsakiya, sai a matsa gefe.

Wa zan ce ya je? In kai irina ne, ka yi makaranta da daɗewa, kana karanta Turanci kana ganewa amma in ka zo rubutawa gabanka yana faɗuwa, je ka, naira 4,000 ba ta kai kuɗin rabin buhun taki ba, kuma za ka samu mutumin da ya san Hausa sosai har ya iya nuna maka daga inda ƙafarka take zamewa. In ko baƙi ba ka iya haɗawa a boko ba, wannan ajin ya yi maka nisa, nemi na yaƙi da jahilci tukuna. In jarrabawa ce a gabanka nan da wata biyu, ka haɗa da wani wurin da ake bin tsofaffin tambayoyi, don nan ba a sauri. In magana kake so bakinka ya saba, nan ma ba a yi sosai, rubutu da allo sun fi yawa. Kuma ko wane ne kai, ka taho da ɗan matashin zama.

Takardar bana na rubuta ta da kaina, zama ɗaya: "We wish to borrow three million naira from your bank." Na kai wa Malam ya duba kafin a buga. Ya laluba aljihu bai sami abin rubutu ba sai alli, ya ce, "Sakatare, lend me your red pen." Na ba shi. Waƙafi ɗaya kawai ya ƙara ya miƙo mini takardar, biron kuma ya soke shi a aljihun gaba ya hau babur. Mako uku ke nan. Ranar Lahadin da ta wuce na tare shi a bakin ƙofa na ce, "Malam, you borrowed my pen." Ya ce, "Very good, Sakatare, jimlar ba kuskure ko ɗaya," ya buga babur ɗinsa ya tafi.